Sun ba ni sunan gidan ɓarawon, sunan yankansa ne ya gagara

Tun da na sa hoton saiwar tumatirina a dandalinmu na 'yan lambu ake ta kirana, kowa tambayarsa ɗaya: wannan gwajin ƙasa da ka je ka yi, kwalliya ta biya kuɗin sabulu kuwa? Na gaji da maimaitawa a waya, shi ya sa na zauna na rubuta. Naira 45,000 na biya na samfur uku, na yi zarya sau biyar, na jira kwana 19 maimakon bakwai da aka ce mini. Ɗakin gwaji ne a nan cikin Jos. Ba zan kama sunansa ba, domin akwai inda zan yaba, akwai inda zan taɓa su, kuma ba na son yarinyar da ta yi mini aiki tsakaninta da Allah ta sha faɗa saboda bakina.

Lambuna yana bakin ɗaya daga cikin kududdufan nan da masu haƙar kuza suka bar mana, ta wajen Mista Ali. Gadon mahaifinmu ne. Da rani tumatir da karas, da damina kuɓewa da ɗan yalo, a kai Farin Gada a sayar, haka muka taso muka gani. Shekara uku ke nan wani yanki na lambun yake ba ni ciwon kai. Da safe tumatirin garau, da rana ta take sai ya yi laushi ya sunkuyar da kai kamar an yi mako ba a ba shi ruwa ba, alhali ƙasar sharkaf take. La'asar sakaliya ya miƙe. Ganye ya yi ɗorawa, 'ya'yan su tsaya ƙanana, kwandon da ya kamata fangali biyu su cika sai huɗu su kasa. Kuma abin tsibi-tsibi yake, nan lafiya, taku biyar gaba a tsumbure.

Na ƙara taki, na ƙara ruwa, na yi feshi har aljihuna ya yi kuka. Da farko na zargi tsutsar nan da ta cinye tumatirin Arewa a 2016, amma ita a ganye take ɓarna, ana ganin zanenta. Wani ya ce ciwon bushewa ne na bakteriya, na yanki kara na tsoma a kofin gilashi kamar yadda aka koya mana, ban ga farin ruwan nan mai kama da madara yana tsiyaya ba. Kawuna kuwa cewa ya yi sammu ne, a nemo rubutu a yayyafa. 'Yata ta biyu, wadda ke karatun aikin gona, ita ce da ta zo hutu ta tuge guda ɗaya ta wanke saiwar a bakin kududdufi ta miƙo mini. Saiwar duk ƙulle-ƙulle, wani kamar ƙwayar wake, wani ya kai gurjiya, sun haɗe kamar carbin da ya cuɗe. Na ce ai irin wannan nake gani a jikin gyaɗa da wake, kuma an ce alheri ne. Ta ce, “Baba, murza ka gani.” Na murza, bai fita ba. Ta ce na gyaɗa a gefe yake maƙale, kana murzawa zai gangaro, in ka fasa cikinsa ja-ja ne. Wannan kuwa saiwar ce da kanta ta kumbura. Ta ce nimatod ne, wasu ƙananan tsutsotsin ƙasa da ido ba ya gani, amma a kai a duba.

Zuwana na farko asara ce, kuma rabin laifin nawa ne. Na kankaro ƙasa daga sama a gindin waɗanda suka riga suka mutu, na zuba a baƙar leda, na ɗaure a bayan babur, na biya ta Terminus na yi hidimomina cikin rana, sai wajen ƙarfe biyu na isa. Mutumin da ke teburin karɓar baƙi bai ko ɗago kai ba, ya turo mini fom da Turanci, ya ce in biya. Saura ƙiris in biya ɗin, sai wata matashiya da farar riga ta fito, ta ɗauki ledar, ta taɓa ta, ta ji ta da zafi kamar an sauke ta daga murhu. Ta ce, “Baba, kar ka ɓata kuɗinka. Duk abin da ke cikin nan ya mutu, mu kuwa masu rai muke kamawa.” Da ba ta fito ba, da an karɓi kuɗina an ba ni takarda mai cewa ƙasata lafiya lau. Wannan shi ne ƙorafina na farko: babu ko ƙyallen takarda a bango, balle da Hausa, da ke gaya wa manomi yadda zai ɗebo samfur, kuma wanda aka ajiye a ƙofa bai san komai a kai ba sai farashi.

Ita ta zaunar da ni a benci ta yi mini bayani. A haƙa zurfin kamar santimita 15 zuwa 30, daidai inda saiwa take. A ɗiba a gindin shukar da ke jinya amma ba ta mutu ba, don idan ta mutu su ma sun watse ko sun bi ta. A zaga fangalin a karkace, a ɗibi kaɗan-kaɗan wuri goma sha biyar ko ashirin, a gauraya a bokiti a hankali, a ɗebi kamar rabin kilo. A haɗo da saiwa. A sa a inuwa, kada ta bushe, kada ta yi zafi, a kawo a ranar. Sannan ta ce in kawo kashi uku: na inda ke ciwo, na inda ke lafiya, da na fangalin da nake rainon iri. Na ce, “'Yata, na irin kuma na me? Lafiyarsa ƙalau.” Ta ce, “Ka dai kawo, Baba.” A raina na ce dabarar ƙara kuɗi ce. Allah Ya yafe mini zato.

Washegari da asuba, cikin sanyin nan na Disamba da ke sa yatsu su ƙage, na yi yadda ta ce, na jera ledojin a kular da muke sa ruwan sanyi, kafin ƙarfe tara ina wurin.

Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne kayan aikin. Na zaci zan ga injuna masu fitilu. Sai na ga rariyar roba irin ta tsame taliya, da faranti, da takardar tishu. Ta shimfiɗa tishun a cikin rariya, ta auna ƙasa mililita 100 ta baza a kai, ta ɗora rariyar a kan faranti, ta zuba ruwa ta gefe har ya taɓa ƙasar daga ƙasa. Shi ke nan. Ta ce za a bar shi kwana biyu, tsutsotsin da kansu za su ratsa tishun su gangara cikin ruwa, ƙasar ta tsaya a sama. Na ce, “Wannan ne Naira 15,000?” Ta yi dariya ta ce dabarar ta fi shekara ɗari, wani likita mai suna Baermann ya fara ta da mazurari a 1917, aka mayar da ita ta faranti a 1965, kuma har gobe da ita ake aiki a ko'ina. Ta ce, “Ba rariyar kake biya ba, Baba, idon da zai duba kake biya.” Ban gane nauyin maganar ba sai da na koma.

Komawar ce ta ɗauki lokaci. Ranar da aka sa mini na je, aka ce babu wuta, janareta kuma ba mai. Na biyu aka ce wanda zai sa hannu ya yi tafiya. Lambar wayar da ke kan rasit ɗin kuwa, na kira ta ya fi sau goma, ko sau ɗaya ba a ɗauka ba. Mai lambu a tsakiyar rani ba ya da ranar zubarwa, kowace fita sai ka bar injin ban-ruwa a hannun yara. Wannan sakaci ne, ba ni da wani suna da zan ba shi.

Amma a zuwan da aka ce mai sa hannu ba ya nan, malamar ta tausaya mini, ta ce in shigo in ga abin da na biya kuɗi a kansa. Ta ɗigo ruwa a wani ɗan faranti na gilashi mai layi-layi, ta sa a ƙarƙashin madubin likita, ta gyara mini tazarar idanu. Da farko haske kawai nake gani. Can sai abu ya fito. Jama'a, gani ya kori ji. Ruwan da na ɗauka fari tas, ashe kasuwa ce ke ci a ciki. Zare-zare masu sheƙi kamar gilashi, wasu na wutsil-wutsil kamar an watsa musu barkono, wasu na lanƙwasa a hankali kamar macijin da ya ƙoshi, wasu sun naɗe kamar gammo ba sa ko motsi. Na ja da baya na ce, “Innalillahi, duk waɗannan ne ke cin tumatirina?” Ta ce a'a, mafi yawansu ma'aikatanka ne.

Nan ne aikin nata yake, kuma nan ne na yarda kuɗina bai tafi a banza ba. Ta ce abin da ake fara dubawa baki ne, don bakin kowace tsutsa shi ke faɗin sana'arta. Ta ɗauko ɗaya da wani siririn gashi da aka manna a tsinke, ta ɗora a gilashi, ta ɗan gasa ta kaɗan har ta miƙe, ta ƙara ƙarfin madubin. Wannan bakinta kamar bututu ne a buɗe, ba komai a ciki. Mai cin bakteriya ce, irin su Rhabditis da Cephalobus, su ne masu yawan wutsilniyar nan, kuma su ke taimakawa taki ya narke shuka ta samu. Ta nuna mini wata ƙatuwa mai faffaɗan baki da haƙori guda a ciki, Mononchus, mafarauciya, 'yan'uwanta take haɗiyewa. Akwai masu tsotsar naman gwari, akwai masu cin duk abin da suka samu. Sannan ta kawo ta ƙarshe, siririya, ba ta kai rabin milimita ba, jelarta ta tafi ta tsuke kamar bakin allura. Ta ce in dubi kanta da kyau. A cikin bakin akwai wani ɗan tsinke baƙi, miƙaƙƙe, da ƙululu uku a gindinsa. Ta ce, “Ga makamin. Duk wadda ka gani da wannan tsinken mai ƙululu, ka tuhume ta.” Da shi take huda saiwa, ta tofa yawunta, ta zuƙe abin da ke ciki.

Daga baki sai a gangara maƙogwaro, a ga yadda ya kasu da inda ya haɗu da hanji, a duba inda al'aurar macen take a tsawon jiki, a duba siffar jela, a auna tsawo a raba shi da kauri. Har yadda tsutsa ke kwanciya idan ta mutu shaida ce: Helicotylenchus naɗewa take yi, Pratylenchus kusan a miƙe take mutuwa. Na tuna yadda mahaifina ke gane asalin mutum daga tsagen fuskarsa tun kafin ya buɗe baki. Haka yarinyar nan take yi, sai dai nata mutanen ido ba ya ganinsu.

Ta kuma tsaga ƙulli guda na saiwata da allura biyu, ta zaƙulo wani ɗan farin abu kamar ƙwayar gero, mai siffar tulu da ɗan wuya. Wannan ko ba madubi ana ganinsa. Ta ce uwar ke nan. Tana shiga saiwa tana siririya, ta kafa kai wuri guda, ta sa ƙwayoyin saiwar su kumbura su zame mata rumbu, ta zauna tana ci har ta zama haka, ba ta ƙara motsi har ta mutu. Kowace ɗaya tana zuba ƙwai ɗari uku zuwa ɗari biyar a cikin wani abu mai yauƙi a bayanta, kuma a ƙasa mai ɗumi cikin kusan wata guda ƙwan ya zama uwa. Lissafa da kanka tsakanin dashe da tsinka. Ƙulle-ƙullen su ke toshe hanyar ruwa, shi ya sa tumatir ke jin ƙishirwa yana tsaye cikin laka.

Wani abin da ya tsaya mini a rai: ta ce kurkunu da tsutsar ciki duk dangin waɗannan ne, ba na tana ba. Ni da na ga yadda kurkunu ya kwantar da mutanen ƙauyen kakanninmu da damina, kafin a tabbatar Najeriya ta rabu da shi a 2013, sai na ji tsigar jikina ta tashi. 'Yata ta ƙara mini da cewa an rubuta sunayen nau'insu sama da 25,000, masu cin shuka a ciki kamar 4,100 ne, kuma wani ƙiyasi da aka fitar a 2019 ya ce kowane ɗan Adam guda akwai nimatod biliyan 57 a ƙasa a madadinsa. Ban san yadda aka ƙirga ba, amma bayan abin da na gani a ɗigon ruwa ɗaya ban yi gardama ba.

To, rana ta 19 aka ba ni sakamako. Shafi guda, da Turanci da Latin, da hatimi. Fangalin da ke ciwo: Meloidogyne, wato mai ƙulla saiwar nan, 640 a cikin mililita 100, da Helicotylenchus da Pratylenchus kaɗan. Fangalin da nake cewa lafiyayye: Meloidogyne 85. Fangalin rainon iri: 1,120. Na karanta layin nan sau uku. Shekara shida ina rainon iri a wuri ɗaya saboda yana kusa da ruwa, ina cire dashe ina rarrabawa lambun gaba ɗaya, har maƙwabta nake ba wa kyauta. Su tsutsotsin da ƙafarsu, in ma suna da ita, da ƙyar su yi tafiyar mita guda a shekara. Ni ne motarsu. Ni da fartanyata da ruwan da nake kora wa daga fangali zuwa fangali. Wannan layi ɗaya ya biya Naira 45,000 har da riba, kuma samfurin da na yi zargin dabarar cin kuɗi ce shi ya tona asirin.

Yanzu ga inda muka saɓa. A gaban kowane suna an rubuta wasu haruffa uku da ɗigo. Na tambayi 'yata ma'anarsu, ta ce ma'anarsu “wani daga cikin gidan nan, ba mu tantance wane ba”. Sunan kowace halitta biyu ne a ilimin nan, na gida da na yanka. An ba ni na gida, an bar na yankan. Kamar a yi maka sata ka kai ƙara, a bincika, a dawo a ce maka ɓarawon ɗan gidan wane ne, gidan kuwa mutum kusan ɗari ne a ciki. Domin Meloidogyne nau'insa ya kusa ɗari. Huɗu ne suka fi suna tun lokacin da wani Ba'amurke mai suna Chitwood ya rarrabe su a 1949: incognita, javanica, arenaria da hapla.

Wani zai ce ina ruwan mai lambu da wannan, tsutsa ai tsutsa ce. Da ruwansa, don maganin da talaka ke iyawa shi ne sauya shuka, kuma kowane nau'i da abincinsa. Gyaɗa ba ta karɓar incognita, galibi ma har javanica, ka shuka ta su mutu da yunwa. Amma hapla da wani reshe na arenaria gyaɗa tuwonsu ce. Tattasai yakan tsira daga javanica, incognita kuwa cinye shi take yi. Hapla mai son sanyi ce, mu kuwa muna kan tudu mai tsayin kusan mita 1,200, ba zan yi rantsuwa babu ita a nan ba. Sai kuma maganar iri. Akwai tumatir da ake sayarwa da harafin N a jikin gwangwani ko fakiti, alamar yana ɗauke da wani gadon juriya da aka samo daga tumatirin daji na ƙasar Peru tun wajen 1940 da 'yan kai. Yana tare incognita da javanica da arenaria. Ba ya tare hapla. Ba ya kuma tare wata da ake kira enterolobii, wadda aka fara bayyanawa daga tsibirin Hainan na ƙasar Sin a 1983, kuma an same ta a Afirka ta Yamma har da Najeriya. Irin nan tsada gare shi. Kafin in zuba kuɗi a kansa, ashe ba haƙƙina ba ne in san da wa nake faɗa?

Shawarar da aka rubuta a ƙasan takardar layi biyu ce: a sauya shuka, a sa maganin nimatod. A sauya da me? Ba a faɗa ba. Damina ina sa kuɓewa da yalo a wurin, ina ganin ai na sauya, ashe daga tuwo nake kai su miya, don kuɓewa da yalo da karas duk abincinsu ne. Maganin kuma wanne, nawa, yaushe? Shiru. Wanda aka fi sani a kasuwa shi ne mai ƙwayoyin nan na karbofuran, guba ce mai kashe tsuntsu da kaza, Turai sun daɗe da hana ta. Ni da nake ban-ruwa daga kududdufin da yara ke wanka, shanu ke sha, ba zan zuba ta ba ko kyauta aka ba ni.

Na koma na sami malamar, na ce, “'Yata, aikinki ya yi kyau, amma kin kai ni bakin kogi kin bar ni.” Ba ta ɓoye mini ba. Ta ce daga 'ya'yan da ke cikin ƙasa ba a iya wuce sunan gida da tabbaci. In ana son na yanka, sai a ciro uwar daga saiwa, a yanke fatar bayanta, a wanke, a shimfiɗa a gilashi, a duba zanen da ke wurin, wanda yake kamar zanen yatsa. Na javanica yana da layi biyu a gefe kamar an ja da reza, na incognita ya yi tozo sama. Ta ce tana iya yi, amma aikin yini ne, ana buƙatar uwa goma ko fiye, ba ya cikin abin da na biya, kuma ko ta yi ba za ta rantse a kai ba, domin zanen enterolobii yana kama da na incognita har ƙwararru sun sha ruɗewa. Tabbaci sai an kai ga gwajin sinadaran jikin uwar ko na ƙwayar gado, su kuwa ba su da injin. Ta ambaci IITA, cibiyar binciken aikin gona da ke Ibadan, inda ke da sashen nimatod, ta ce in kuma tambaya a Samaru ta Zariya. Na ji daɗin gaskiyarta. Abin da ban ji daɗinsa ba, me ya hana a gaya mini haka a teburin farko, kafin in biya? A rubuta ɓaro-ɓaro: da kuɗi kaza za ka sami sunan gida da adadi, in kana son fiye da haka ga ƙarin kuɗi ko ga inda za ka.

Masu dankalin Turawa na Bokkos da Mangu da suka tambaye ni, ku kula da wannan. Rariya da faranti, tsutsotsi masu motsi kawai suke kamawa. Akwai wata tsutsar dankali, Globodera, wadda uwar ke bushewa ta zama ɗan ƙoƙo cike da ƙwai, ya zauna a ƙasa har shekara ashirin yana jiran dankali. An gano ta a Kenya a 2015. Ita sai an busar da ƙasa an tace ta wata hanya dabam wadda ƙoƙon ke tasowa saman ruwa. Da na tambaya, an ce sai ka nema da bakinka, ba ya cikin gwajin yau da kullum. Idan ba ka nema ba, takardarka za ta fito ba sunanta, ba don an duba an rasa ba. Masu doya kuma su kai doyar kanta, don tasu tsutsar, Scutellonema, a ƙarƙashin ɓawo take zama.

Abin da na yi da sakamakon: na tashi fangalin iri daga inda yake, na kai shi can tudu inda ba a taɓa sa kayan lambu ba, na tara karan masara na ƙone a kan ƙasar kafin in zuba iri. Na daina barin saiwa ta ruɓe a fangali bayan tsinka, tugewa muke mu shanya mu ƙone. Na juya hanyar ruwa, yanzu lafiyayyen yanki ke fara sha. Na loda takin kaji da dakakkun 'ya'yan darbejiya. Na kuma bi maƙwabtan da na ba dashe ɗaya bayan ɗaya na gaya musu, wanda ya fi komai nauyi a baki. Ɗaya ya ce, “Haba Malam, ai ba da gangan ka yi ba.” Ɗaya bai ce komai ba, har yau gaisuwarmu a tsaye take.

Sunan yankan kuwa, 'yata ta ce akwai tsohuwar dabarar da masana suka yi amfani da ita kafin injuna, a bar shuke-shuke su ba da shaida. Muka cika bokiti takwas da ƙasar tsohon fangalin iri, biyu gyaɗa, biyu tattasai, biyu tumatirin da na saba, biyu mai harafin N da na sayi ƙaramin fakiti don gwaji. Muka jera su a bayan gida a Rikkos, uwargida tana mita sun tare mata wurin shanya. Bayan wata biyu muka zazzage. Gyaɗa fes, sai 'yan ƙululunta na alheri masu gangarowa. Tattasai ya ƙulle. Tumatirina na gargajiya kuwa ba a magana. Wannan ya kore hapla, ya sa javanica a gefe, ya nuna incognita da yatsa.

Sai muka zazzage na mai harafin N, muka wanke. Ga ƙulli nan, ba su kai na ɗayan ba, amma ga su. Na ce shi ke nan, enterolobii ce. 'Yata ta ce in dakata, juriyar nan karyewa take idan zafin ƙasa ya wuce digiri 28, mu kuma baƙaƙen bokitai muka sa a kan siminti cikin ranar Maris. Ko zafi ne, ko ita ce, ko ma gida biyu ne suka haɗu a lambu ɗaya, wanda ta ce yakan faru sosai. Mun sake cika wasu biyu, wannan karon tukwanen ƙasa, mun binne su a inuwar mangwaro. Saiwar da muka cire kuma malamar ta ce in kawo mata ranar Talata, za ta tsame iyayen ta sa a ɗan kwalba, in nemi mai zuwa Ibadan.